Kyamara biyu, aljihu ɗaya

Hausawa na cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin nufi, mai saye ba ya ɗaukar alherin kaya shi kaɗai, dole ya haɗa da aibinsa, kuma mai wayo a kasuwa shi ne wanda ya san aibin da zai iya zama da shi. Ɗan kasuwa ya san haka tun ranar da ya fara tsaron rumfar ubangidansa. Ma'aikacin gwamnati ma ya sani, domin albashi ba ya ba mutum damar yin kuskure sau biyu a shekara guda. Amma sani dabam, aiki da shi dabam, balle in kaya biyu suka tsaya a gaban mutum, kowane da nasa kyau, aljihu kuwa ba ya iya ɗaukar fiye da ɗaya.

Cikin irin wannan hali wani malamin lakkol na gundumar Madarunfa ya sami kansa a bazarar 2024. Ɗan masunci ne, yana koyarwa a wani ƙauye da ke bakin tabki, kuma kowa, har mahaifinsa, Mushe yake kiransa. Mahaifin ya tasam ma shekara 70, ganinsa ya fara raguwa, ya kuma riga ya faɗa cewa daga damina ɗaya ko biyu zai miƙa taru da birgi ga jikoki. A duk gidan hotonsa guda ne, na katin shaidar ɗan ƙasa, wanda aka ɗauka da rigar aro da fuska a murtuke. Mutumin da ya yi shekara 50 yana fita kan ruwa tun kafin asalatu ba shi da hoto ko ɗaya da ke nuna shi a cikin jirgi. Wannan ne ya tsaya wa Mushe a rai, har ya yi ta tsimi wata da watanni don ya sayi kyamara.

Mai karatu na iya tambaya: ina salula? Tambaya ce mai kyau, domin salula ta riga ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Bisa ƙididdigar CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, a 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba. Sai dai salular malamin ƙauye ba abin wasa ba ce. A cikinta lambobin iyayen yara suke, ta nan saƙon hukuma ke iso shi, ta nan kuma yake aika kuɗi gida. Ya taɓa gani da idonsa yadda ta abokin aikinsa ta suɓuce a bakin ruwa, aka tsamo ta, aka binne cikin shinkafa kwana uku, ba ta sake motsi ba. Ba zai hau kwalekwale da dukan arzikinsa a tafin hannu ba.

Wansa ɗan kasuwa ne a Maraɗi, yana safarar aya da atamfa. Da aka sake buɗe iyakar Nijar da Nijeriya a watan Maris na 2024, bayan watannin takunkumi, sai Alhaji ya koma bin hanyarsa ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano. Daga can ya aiko wa ƙanensa hoton kyamara biyu ƴan gwanjo da ya gani a wajen wani mai shago. Ta farko siririya ce mai sheƙi, irin wadda in an kunna idonta ke zurowa waje kamar wuyan kunkuru, tana jawo abin da ke nesa har ninki 30. Ta biyu gajera ce mai kauri, an naɗe ta da roba, idonta ba ya fitowa, jawowarta ba ta wuce ninki 4 ba, amma an rubuta a jikinta cewa tana shiga ruwa. Duk da ta sha hannu, ita ta fi tsada.

Da Alhaji ya dawo suka zauna a zauren gidansa, bai ɓoye ra'ayinsa ba.

« Mushe, kayan masu ninƙaya ne na Turawa. Kai kifi za ka ɗauka ko Baba? Ɗauki siririyar, ka tsaya a bakin ruwa ka jawo shi. Ga biki, ga suna, ga ranar raba sakamako a lakkol. Ko ba komi ta maido maka da kuɗinka. »

« Yaya, ban ƙi ta taka ba, amma a ba ni mako guda. »

Maganar Alhaji tana da tushe. Asalin irin wannan kyamara na masu nutso ne. A farkon shekarun 1960 aka fito da Calypso a Faransa, wadda wani injiniya ɗan Beljiyam ya tsara domin aikin Kwamanda Kusto, daga baya kamfanin Nikon ya karɓe ta ya sa mata suna Nikonos a 1963. Jikokinta na yau, kamar Tough TG-7 da ta fito a 2023, ana ce da su suna jure zurfin mita 15 da faɗuwa daga tsayin mita 2. Tabkin Madarunfa kuwa, ko da ya cika ya batse ya mamaye kimanin hekta 800, zurfinsa bai kai rabin haka ba. Ruwan kuma da damina kamar kunun kanwa yake, wanda ya tsoma kyamara ciki ba abin da zai gani sai laka. Ga tsada: sabuwar TG-7 ta haura yuro 500 lokacin da ta fito, wato sama da jikka 300 na sefa. In dai don kifi ne, Alhaji ya yi gaskiya, asarar kuɗi ce.

Siririyar kuma tana da wata fa'ida da ta fi ta biki da suna. Da sanyi tsuntsaye na sauka a tabkin, na gida da baƙi masu ƙetaro hamada daga Turai: kirinjijiya, zalɓe, balbela da agwagin ruwa iri-iri. Tsuntsu ba ya jiran mai hoto ya matso. Wanda ke son ya nuna wa yaran lakkol bambancin baki da ƙafa na kowane, sai da ido mai jawo nesa. Mushe ya daɗe yana wannan buri, saboda haka kwana uku na farko zuciyarsa tana wajen siririyar.

Abin da ya juya lissafin ba a bakin tabki ya same shi ba, a ɗakin wansa ne. Ya tuna cewa shekarun baya Alhaji ya dawo daga aikin hajji da wata kyamara irin siririyar nan. Ya tambayi matar wan nasa inda take, ta ɗauko ta daga ƙasan akwati. Idonta ya tsaya a rabi, bai fita ba bai koma ba. Ba ta taɓa faɗuwa ba, ruwa bai taɓa ta ba. Hunturu biyu kawai ta yi a Maraɗi.

Dalilin a fili yake ga wanda ya duba ƙirar. Idon da ke zurowa bututu ne cikin bututu, ƙananan haƙora na roba ke tura su. Duk kunnawa da kashewa, idon na zuƙar iska yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri, abin da ke cikin iskar kuma yana shiga tare da ita. Daga Nuwamba zuwa Maris, abin da ke cikin iskar ƙasar nan kowa ya san shi: ƙurar da hunturu ke kwasowa daga arewa maso gabas, har daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana ke lissafawa a kan gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Tsaba ɗaya ta rairayi a tsakanin haƙoran nan ta isa. Kyamarar ruwa kuwa idonta a kwance yake cikin ciki, bayan gilashi mai kauri, wani ɗan madubi ke karya hasken ya kai masa. Ba abin da ke fita, don haka ba abin da ke shiga. Alamar IP68 da ake rubuta wa irin waɗannan kaya tana da lamba biyu: 8 ta ruwa ce, 6 kuwa ta ƙura ce, kuma ita ce matakin ƙarshe. Masu talla 8 suke nunawa, domin masu sayensu na zuwa bakin teku. Mutumin jahar Maraɗi, inda ruwan sama ke zuba wata huɗu, ƙura da zafi su riƙe sauran takwas, 6 ya kamata ya fara dubawa.

Da mako ya cika, Mushe ya koma ya ajiye tsohuwar kyamarar a kan tabarma gaban wansa, bai ce komi ba. Alhaji ya juya ta, ya danna, ta yi ɗan ƙara ta yi shiru.

« Wannan ai rashin kula ne na yara. »

« Haka ne, Yaya. To ni kuma yara 60 gare ni a aji, da alli, da keke, da kwalekwalen Baba. »

Ya zaɓi mai kaurin, kuma ya zaɓe ta yana sane da aibinta. Zoben robar da ke toshe ƙofar batir ba ya son zafi, a nan kuwa watan Afrilu da Mayu na wuce digiri 40 a inuwa. Masu ƙera ta da kansu suna ba da shawarar a sauya robar kowace shekara, abin da ba shi da sauƙi ga mazaunin ƙauye, balle wannan da ta riga ta sha hannu. Saboda haka ya ɗaukar wa kansa ƙa'ida: ba zai nutsa ta da gangan ba, ba zai bar ta a rana ba, ba zai buɗe ƙofar batir da jiƙaƙƙen hannu ko cikin iska ba. Ya ɗauke ta a matsayin mai jure yayyafi da fantsama da ƙura, ba fiye da haka ba.

Daminar 2024 ta zo da ƙarfi, ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a jahar Maraɗi. A cikin wannan damina ce ya fara bin mahaifinsa kan ruwa. Da farko tsohon ya ƙi, ya ce shi ba amarya ba ne. Da ya ga abin yana rataye a wuyan ɗansa, ruwan taru na zuba a kai ba wanda ya damu, sai ya manta da shi. A nan ne aka sami hoton. An ɗauke shi daga taku biyu, da hudowar rana, tsohon ya karkata yana jan taru, jijiyoyin hannunsa sun tashi, tarwaɗa na lilo a gefen jirgi. Hoton ba shi da tsabtar na situdiyo, gefensa ya ɗan yi dishi-dishi saboda ƙarancin haske. Amma wanda ya tsaya a bakin ruwa, ko da idonsa na jawo ninki 30, bayan tsohon kawai zai samu da hularsa.

Daga nan aikin ya faɗaɗa ba tare da shiri ba. Tabkin nan ba ƙaramin wuri ba ne a idon duniya: tun 2006 Nijar ta sa shi, tare da gandun dajinsa da kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO, a 2019 kuma ya shiga jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci. Duk da haka masunta sun daɗe suna kukan yashi da lakar da Gulbin Gabi da koramu ke kwasowa suna cike shi. Kuka da baki kuwa ba ya tsayawa a kan teburin ofis. Mushe ya zaɓi wata bishiya guda, kowane farkon wata ya tsaya a gindinta ya ɗauki bakin ruwa, ko ana yayyafi ko ana hazo. Hotunan wata 12 a jere sun nuna wa yaran ajinsa, da iyayensu, abin da dogon bayani bai nuna ba. Gani ya kori ji. Darajar irin wannan aiki ba ta cikin kyan hoto ɗaya, tana cikin rashin tsallake wata, kuma kyamarar da ake tsoron fitarwa saboda hadari ko iska ba ta iya shi.

Ba a ce bai yi asara ba. Da sanyi tsuntsaye suka zo, ya ɗauke su, suka fito kamar an watsa gero a kan faranti. A bikin ɗiyar Alhaji da dare, hotunansa ba su fi na salular ƴan mata ba, wan nasa kuwa bai bar maganar ta wuce ba tare da tsokaci ba. Har yau bai yarda an kayar da shi ba, kuma a inda yake tsaye yana da gaskiya. Mai son hoton taro a cikin falo, ko mai bin tsuntsaye da ke da jaka mai rufi da haƙurin goge kayansa kullum, siririyar ta fi masa. Kuskuren da ake yawan yi, a gida da a ofisoshin da ke saya wa ma'aikatan karkara kayan aiki, shi ne a zaɓi kaya bisa abin da yake iya yi a kan teburin mai shago. Kamata ya yi mai saye ya tambayi kansa inda abin zai kwana, hannun da zai riƙe shi, da watan da zai fi wahala a cikinsa. Malamin gona a Jiratawa, ma'aikacin ruwa da dazuzzuka a Baban Rafi da mai shagon atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ba za su ba da amsa ɗaya ba.

An wanke hoton tsohon a Maraɗi, aka sa shi a gilashi, aka kawo masa. Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi, ya daɗe yana dubawa. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya sa yatsa a kan wani wuri a jikin tarun, ya kira babban jikansa ya ce: « Dubi nan, ya yage. Gobe ka ɗinke shi kafin ka fita. »