Kafin Malama Ta Tafi Hutun Haihuwa

Takardar neman hutun ta kwana uku a aljihun teburinta ba ta cike ta ba. Gurbi guda ne ya tsaya mata, wanda ake rubuta ranar da ake sa ran haihuwa. Ita kuwa ta tashi ne a gidan da ba a ambaton ciki da sunansa, balle na fari. Sai dai a ce wance tana da juna biyu, ko a ce ta yi nauyi, a bar sauran ga Allah. Ga shi yau ofis na neman ta rubuta rana da wata, ta haɗa da shaidar awo daga asibiti, ta sa hannu.

Malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare ta 'yammata mai zaman kanta, kuma shekara shida ke nan ƙungiyar wasan kwaikwayo tana hannunta. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadar wa mace mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da albashin da bai gaza rabi ba. Da ta ɗora wannan lissafi a kan kalandar makaranta sai gabanta ya faɗi. Bikin yaye ɗalibai, ranar da ƙungiyar ke nuna wasanta guda ɗaya tak na shekara, zai faɗo ne tana tsakiyar wankan jego, ko arba'in ba ta yi ba.

Da a ce wasan yana da gata a makarantar, da abin ya zo da sauƙi. Amma da jiɓin goshi aka samar masa wuri. Akwai iyayen da da zarar sun ji an ce wasan kwaikwayo sai su ce za a mai da musu 'ya'ya 'yan fim. Gida-gida ta bi wasunsu tana bayani, cewa wasan kwaikwayo ɓangare ne na adabin da ake jarrabawa a kansa, kuma tun zamanin *Wasan Marafa* na Abubakar Tunau makaranta ce gidansa, faɗakarwa ce manufarsa. A bana ta zaɓi *Kulɓa Na Ɓarna* na Umaru Ɗanjuma Katsina, saboda labarin ɗalibar da mai kuɗi ya yaudara ya fi kowace huɗuba shiga kunnen 'yan shekara goma sha shida. Ta san cewa in aka tsallake shekara guda ba a yi wasa ba, ɗakin gwajin zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, kuma da wuya ya dawo.

Ta fara da abin da ya fi sauƙi. Darussan aji ba su ba ta wahala ba: ta raba manhaja mako-mako, ta rubuta jigo da zubi da tsari da salo na kowane littafi, ta tanadi tambayoyin gwaji. Da ta zo kan dandamali ne alƙalami ya cije. Ta iya rubuta cewa a fitowa ta uku wance za ta shigo ta hannun dama. Amma ta yaya za ta rubuta tsawon shirun da uwa za ta yi kafin ta amsa wa 'yarta? Ta yaya za ta rubuta cewa yarinyar da ta fi kowa iya fitowa a matsayin Alhaji ba a yi mata gyara a gaban jama'a, sai an ja ta gefe? A nan ta gane cewa mafi yawan abin da ta sani game da aikinta ba ya cikin littafi. Yana cikin idonta da kunnenta, kuma da su za ta tafi gida.

Shugabar makaranta ta ba ta malamin nahawu ya riƙe mata, dattijo mai kirki da sanin ƙa'idar harshe. Ranar da ya zauna a gwaji, 'yammatan da jiya suke cika ɗakin da murya suka koma kamar an ɗaure musu baki. Mai fitowa a matsayin Alhaji ta ƙi sa babbar riga, ta tsaya tana jan bakin hijabi. Da aka tashi, shi da kansa ya ce, “Malama, ni dai zan iya duba musu lafazi, amma yaran nan ba za su sake a gabana ba. Kuma ban ga laifinsu ba.”

A daren ne mahaifiyarta ta kira, tana tuna mata cewa lokacin goyon ciki ya yi tuni, 'yan'uwa har sun fara magana. Ta roƙi a ƙara mata mako uku, ta faɗi dalili. Tsohuwar ta yi dariya ta ce, “Ke 'yar nan, da kuke tashe kuna yara, wane malami ne ya tsaya a kanku?”

Maganar ta kwana a ranta. Tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga watan azumi, ba shi da mai ba da umarni in ba yaran ba. Manyansu ke koya wa ƙanana, su raba matsayi, su haɗa gemun auduga da rawanin tsumma. Wasan gauta ma matan fada ne ke shirya abinsu, su kwaikwayi sarki da fadawansa. Ashe abin da take tsoron ya mutu in ta kau da ido ya daɗe yana rayuwa ba tare da irinta ba. Ta tambayi kanta ko shekara shidan nan raino ta yi, ko kuwa ta saba wa yaran da jiran a ce musu su motsa.

Washegari ta raba aikin. Ta naɗa ɗaliba ɗaya ta jagoranci gwaji, ɗaya ta riƙe littafi tana tuna wa wadda ta manta zance, biyu su kula da akwatin sutura. Malamin nahawu zai zauna a baranda da rajista, ya shigo in an kira shi. Ita kuma ta koma kujerar baya, ta yi wa kanta alkawarin yin shiru. Kwanakin farko sun yi mata ɗaci. An yi gardama, an yi fushi, an sauya wata fitowa ta hanyar da ita ba za ta zaɓa ba. Sau da yawa gyara ya zo mata har leɓe ta haɗiye.

A mako na uku, yarinyar da ke fitowa a matsayin uwa ta shigo dandamali tana tafiya a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ta zauna da 'yar ajiyar zuciya. Babu wannan a rubutaccen wasan. Tafiyar Malama ce sak, ta watannin nan. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Ashe sun daɗe da sani, sun dai taya ta kunya ne. Kuma sun koyi abin da ta kasa rubutawa: ɗan wasa kallon mutane yake yi.

Ranar Alhamis ta cike gurbin, ta miƙa takardar. Ta ciro makullin akwatin sutura daga cikin makullanta ta ba jagorar gwaji. Yarinyar ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

“Malama, in mun yi kuskure fa?”

“Za ku yi. Ku dai kada ku tsaya, ku ci gaba da zancen.”

Suka rako ta har bakin ƙofar makaranta. Babu wadda ta ambaci inda za ta. Sai da ta shiga a-daidaita-sahu sannan ƙaramar cikinsu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Allah ya raba lafiya, Malama.”