Kiran da Kare Ke Amsawa

A ƙasar Hausa, ayarin mafarauta kan fita daji da rani da karnuka masu yawa, babu ko ɗaya da igiya a wuya, amma fito guda ya isa ya juyo da su. A unguwannin ma'aikata na Kaduna ko Abuja kuwa, magidanci zai sayi kare mai tsada don gadi, ya gina masa keji, ya kai shi wurin likitan dabbobi, amma ranar da aka bar ƙofa a buɗe sai karen ya fice. Maigida zai yi ta kira har muryarsa ta dushe, karen ko waiwaye. Bambancin karnukan nan biyu yana cikin abin da kowannensu ya koya cewa yana biyo bayan kira.

A dubi magidancin nan sa'ad da karensa ya dawo don kansa bayan rabin awa. Ransa a ɓace, maƙwabta sun gama kallo, sai ya ɗauki bulala. A ganinsa ya hukunta gudu. Shi kuwa kare yana danganta sakamako da abin da ya aikata a daƙiƙoƙin ƙarshe, abin da ya aikata kuwa shi ne dawowa. Darasin da ya ɗauka ke nan: zuwa wurin maigida yana jawo duka. Gobe zai ƙara nisa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da gane muhimmancin wannan kira. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, kuma daga cikin alamomin horon da malamai suka ambata akwai cewa idan an saki kare ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. Tafiyar ba ta da wuya, domin kora ɗabi'ar kare ce. Tsayawar ce ke nuna cewa an yi aiki.

Ilimin halayyar dabbobi ya bayyana yadda ake samun tsayawar. Masanin nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a littafinsa na 1938 cewa dabba tana maimaita aikin da lada ya biyo bayansa. A 1959 David Premack ya ƙara wani abu mai amfani: abin da dabba ta fi so ta yi yana iya zama ladan abin da ba ta damu da shi ba. Ga kare, gudu da sansane-sansane sun fi zama kusa da mutum daɗi. Saboda haka mai horo yakan kira karen, ya ba shi ɗan nama, sannan ya sake shi ya koma wasansa. Ta haka karen zai gane cewa amsa kira ba ya raba shi da 'yanci. Wanda ba ya kiran karensa sai zai mayar da shi keji, da hannunsa yake kashe kalmar.

Aikin yana farawa ne a tsakar gida, inda babu abin da zai ɗauke hankali. A zaɓi kalma ɗaya ko fito iri ɗaya, kowa a gidan ya riƙe shi. A faɗa sau ɗaya, domin kiran da aka maimaita sau 5 yana koya wa kare cewa huɗun farko ba su da muhimmanci. Lada ya zo nan take. Idan ya ƙware a gida, sai a fita fili da doguwar igiya mai kamar mita 10, wadda za ta hana shi gano cewa ƙin amsawa ma yana da riba. Daga nan a riƙa ƙara wahala sannu a hankali: mutane na wucewa, kaji na kiwo, akuya na gudu. Idan ya kasa, an yi gaggawa ne, sai a koma matakin baya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ko ɗan kwikwiyon da ya iya yakan taurare kai idan ya fara balaga, daga wajen wata 6. A lokacin igiya ake mayarwa, a ci gaba da haƙuri.

Wannan horo ya shafi hakkin jama'a. Karen da ba ya amsa kira yana iya kashe tunkiyar maƙwabci, ko ya bi yaro mai zuwa makaranta, ko ya faɗa gaban mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar karnuka ake kamuwa. A unguwar da mutane da yawa ke ƙyamar kare ya taɓa su, sakin wanda ba a iya tsayarwa cin zarafin maƙwabta ne, ko da bai ciji kowa ba.

Akwai kuma karnukan da son kora ya yi musu yawa, har babu ladan da zai rinjayi zomo mai gudu. Mai irin wannan kare ya riƙe igiyarsa a cikin mutane da dabbobi, babu abin kunya a ciki. Wanda kuma yake son ranar da zai kwance igiya, ba a fafe gora ranar tafiya: tun watanni kafin nan zai riƙa cika wa karen alkawari, duk lokacin da ya kira ya zo, ya tarar da alheri.