Ba aljanu ba ne, waya ce

Masu saurarenmu ta intanet, kun yi ta tambaya me ya sa in an ɗauke wuta aka maido, wani lokaci rediyo na magana amma ku shiru kuke ji. To ga bayani.

Muryarmu tana bi ne ta wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 4, ba ta fi tafin hannu ba, da wani allo da teknisiyanmu ya haɗa mata don kunna na'urori. Yau ta tashi, gobe ta ƙi. Har wasu sun fara cewa aljanu ne.

Teknisiyan ya riƙa cire abu ɗaya-ɗaya, yana kashewa yana kunnawa. In ba allon, lafiya lau. In an jona shi, wajen tashi sai ya zuƙe kuran, volt 5 ya faɗi ƙasa da 4,63, jar fitila ta mutu. Ashe siririyar wayar sharja ce ba ta kai mata amfiya 3 da take so.

An sa waya gajera mai kauri, an ba allon nashi kuran daban. Ƴan'uwa na Libiya da Abijan, sanarwar rasuwa da ta suna ba za ta ƙara wuce ku ba, in sha Allah.