Wasiƙun Manya

Mu 'ya'yan Hausawan Rey Buba da aka kai boko Garwa, can muka haɗu da littafin Laclos na 1782, Les Liaisons dangereuses. Wasiƙu 175 ne na manyan Faransa. Merteuil, don ta ƙuntata wa tsohon masoyinta Gercourt, ta zuga Valmont ya lalata Cécile, 'yar shekara 15 da Gercourt ke shirin aura. A lokacin wayon Valmont ne ya burge mu, abin kunya. Yau da muka haifi 'ya'ya mata, Cécile muke tunawa. Iyayenmu kan hana mu shiga tsakanin saƙon mutanen fada, muka ɗauka tsoro ne kawai. Ashe Valmont ma da sunan kawo mata wasiƙun saurayinta Danceny ya karɓi makullin ɗakinta.