Mutumin da Ya Tauna Taura Goma

Bahaushe na cewa taura biyu ba ta taunuwa, wato mutum ya tsaya ga abu guda ya ƙware a kansa. Maganar tana da gaskiyarta, amma ina son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai wani mutum da ya riƙa tauna taura goma cikin kwana biyu, wanda tarihinsa ya zame mini abin kwatance a karatun Hausa. Sunansa Roman Sebrle, ɗan Jamhuriyar Cek, an haife shi ranar 26 ga Nuwamba, 1974.

Fagen da ya yi suna a kai shi ne gasar wasanni goma. Duk wanda ya taɓa shiga babban filin wasa na ƙasa da ke nan Abuja, wanda aka buɗe a 2003 domin Wasannin Afirka karo na 8, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, ya ga layukan gudu da suka kewaye filin ƙwallo. To, a irin wannan wuri ake yin gasar. Ranar farko ɗan wasa zai yi gudun mita 100, da dogon tsalle, da jifan dalma, da tsallake sanda, da gudun mita 400. Washegari kuma sai gudun tsallake shinge na mita 110, da jifan faifai, da tsalle da gora, da jifan mashi, sannan a rufe da gudun mita 1,500. Kowane wasa da makinsa, wanda jimillarsa ta fi yawa shi ne zakara.

An daɗe ana ganin maki 9,000 tamkar katangar da ba ta tsallakuwa. Wani ɗan ƙasarsu, Tomas Dvorak, ya kai 8,994 a 1999, maki shida kacal suka rage masa. A watan Mayun 2001, a garin Gotzis na ƙasar Ostiriya, Sebrle ya tara 9,026, ya zama mutum na farko da ya haye katangar. Kafin nan ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, sannan ya ci zinare a ta Atina a 2004 da maki 8,893. A watan Janairun 2007, yana atisaye a Afirka ta Kudu, wani mashi da aka jefa ya soke shi a kafaɗa bisa tsautsayi, amma a wannan shekarar ce ya zama zakaran duniya a Osaka ta Japan. Bajintarsa ta Gotzis ta yi shekara 11 ba a karya ta ba, sai a 2012 Ashton Eaton na Amurka ya tara 9,039. A 2013 Sebrle ya yi ritaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne alƙaluman da ya samu a Gotzis ɗin. Ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 10.64, alhali Maurice Greene ya yi 9.79 tun 1999. Ya jefa mashi mita 70.16, ɗan ƙasarsu Jan Zelezny kuwa ya jefa 98.48 a 1996. Dogon tsallensa mita 8.11 ne, namu Yusuf Alli ya tsallaka 8.27 a Legas a 1989. Ka ga ke nan kowane wasa akwai gwanin da ya fi shi nesa ba kusa ba. Da aka haɗa goman ne aka rasa na biyunsa.

Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, wannan lissafi ya kwantar mini da hankali. Na san a fagen karin magana da zaƙin baki, wanda ya sha Hausa a nono a Kano ko Katsina zai riga ni isa. Sai dai karatun Hausa fage ne mai rassa da yawa: akwai tsarin sauti, da ƙirar kalma, da ginin jimla, da ƙa'idojin rubutu, da fassara, da adabin baka, da rubutacciyar waƙa, da zube, da wasan kwaikwayo, da al'ada. Wanda ya sha wuya kafin ya bambance ƙ da k, ko ɗ da d, ba kasafai yake mantawa da ƙugiya a rubutu ba. Haka nan wanda kunnensa ya wahala kafin ya rarrabe gashin kai da gashin nama, yakan shiga darasin karin sauti da tsayin wasali ya san amfaninsu.

Akwai kuma gargaɗi a cikin wannan gasa, domin duk wasan da mutum ya kasa yin komai a cikinsa, sifiri ake rubuta masa. A 1992 Dan O'Brien na Amurka, yana zakaran duniya, ya kasa tsallaka ko sau ɗaya a tsalle da gora a gasar share fage, ya rasa zuwa Olamfik ta Basalona gaba ɗaya. Mu ma muna da irin wannan hali. Wani ya ƙware a waƙa sai ya riƙa gudun nahawu, wani kuma nahawu ne abincinsa, da an ambaci adabi sai ya fara hamma. Ranar da muka fita aiki, a aji ko gidan rediyo ko teburin fassara, mai saurare ba zai yi mana uzuri da cewa ɓangare ɗaya muka fi so ba.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana, haifaffun Hausawa da mu masu koyo, ita ce kowa ya duba darasin da yake tsoro, ya ware masa lokaci fiye da wanda yake jin daɗinsa, tun kafin jarrabawa ta ƙarato. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.