Wardin Ɗa'ifa

Ɗa'ifa tana kan duwatsu gabas da Makka, kimanin mita 1,800 sama da teku. A gonakin Hada da Shafa na ga yadda ake renon wardi. Da hunturu manomi yake datse rassan itacen, ya zuba masa taki, ya yi ta ban-ruwa, sai a Maris da Afrilu ya yi fure. Da asuba ake tsinkarsa, kafin rana ta kwashe ƙamshin, a dafa shi cikin tukwanen tagulla. Ruwansa ake gauraya wa Zamzam wajen wanke Ka'aba. Mu kuwa, a harabar jami'o'inmu, ranar biki muke dasa fure. Baƙi na tafiya, a bar wa awaki. Aikin makonni kaɗan na furen, shekara guda ake yi masa hidima.