Mutumin da ya rubuta tarihin ƙauyensu benci bayan benci

A watan Satumba na 1538, Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henri na 8 na Ingila, ya ba da umurni kowace majami'a ta tanadi kundi guda, a riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da auren da aka ɗaura, da gawar da aka binne. Limamin majami'a ne zai yi rubutun kowace Lahadi a gaban shaida, sa'an nan a mayar da kundin cikin akwati mai makulli biyu. Bayan shekara 60 aka ce a kwafe tsofaffin kundayen a kan fata, tun da takarda ba ta jure wa laima da ƙwari. Da yawa daga masu kwafar sun yi ƙyuya: daga 1558 suka soma, shekarar da Sarauniya Elizabet ta hau gadon sarauta, suka bar shekaru ashirin na farko suka salwanta.

Irin wannan kundi ba ya da yawan magana. Yakan faɗi ranar da aka kawo jariri majami'a da ranar da aka sa shi a kabari. Abin da ya wakana tsakanin ranakun biyu kuwa, sai dai mai bincike ya yi ta kintace.

Ƙauyen Myddle, arewa da birnin Shrewsbury, ya yi sa'ar da ƙauyuka kaɗan suka yi. A can wani manomi mai suna Richard Gough, wanda aka haifa a 1635, ya ɗauki alƙalami a 1700, yana ɗan shekara sittin da wani abu. Da farko ya bi turbar da marubutan zamaninsa suka saba: iyakokin gari, tsohuwar fada, manyan gidaje. A shekarar da ta biyo sai wata dabara ta faɗo masa. Ya zana taswirar cikin majami'ar, ya shiga bin bencinan ɗaya bayan ɗaya, yana ba da labarin kowane gida da ke da hakkin zama a kai.

Dabarar ta yi aiki ne saboda a wancan zamani mazauni a majami'a na gida ne, ba na mutum ba. Wanda ya gaji gona, ko ya saye ta, ko ya karɓi hayarta, ya sami bencinta. Masu hali suna gaba, talakawa suna can baya, kuma har rigima ake yi a kan wurin zama. Ke nan wanda ya bi bencin ya bi gonar, ya ga hannun da ta fito da hannun da ta shiga, da kuma dalili.

A wajen dalilin nan ne Gough ya saki baki, don shi ba maroƙi ba ne. Ya faɗi wanda ya tara dukiya da guminsa, ya faɗi ɗan da ya kwashe ta ya kai mashaya. Giya ta cinye gonaki da yawa a littafin nan. Ya ambaci ɓarayi da sunayensu, da matan da suka gagari mazajensu, da auren da aka yi don kuɗi. Ya kuma lissafa mutum 20 daga Myddle da Marton da Newton da suka tafi yi wa sarki yaƙi a yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642. 13 daga cikinsu an kashe su. Wanda ya faɗi a fagen daga nesa da gida ba ya shiga kundin binnewa na ƙauyensu, sai dai a ga sunansa ya daina fitowa.

Masanin tarihi David Hey, wanda ya fitar da littafi kan Myddle a 1974, ya gwama maganar Gough da kundayen majami'a da takardun wasiyya, ya tarar dattijon bai cika kuskure ba wajen suna da nasaba. Amma wannan awo yana da iyaka. Ana iya tabbatar da cewa wance ɗiyar wane ce. Babu takardar da za ta tabbatar da cewa mashayiya ce, ko kuwa dai ba sa ga maciji ne da marubucin. Ga shi shekara ɗari uku da ɗoriya tambarin yana manne da ita bisa shaidar maƙwabci guda. Jikan jika da ya zo neman asalinsa yakan yi murnar samun kakansa da rai da jini a shafi, har sai ya karanta abin da aka ce kakan ya aikata.

Gough ya rasu a 1723 ba tare da an buga aikinsa ba. Sai a 1875 aka buga shi cikakke, lokacin da ba sauran kowa a kan waɗancan bencina da zai tashi ya ce ƙarya aka yi masa.